Ɗigo Uku

Da inuwar duwatsun Birni ta taɓo katangarmu
sai Baba ya miƙe yana laluben hula,
hular duwan da ya rataye shekara ashirin da biyu.
"Ina Yagana? Wa ya kulle ƙofa?
Motocin Magarya sun iso, ba kowa a shinge!"
Yagana kuwa tana kwance a makwancinta
tun kafin in yaye ɗana na fari.

Ni yake tsarewa a bakin zaure,
ya ce in nuna takarduna.
Ni, da ya yanka wa rago.

Ranar da famfo ya cika kwana tara shiru
ya fasa randar da na cika da kuɗin cefane.
Na tsaya ina kallon ruwa yana bin ƙasa,
ban san wa zan yi wa kuka ba, shi ko ruwan.

Mun sha rubutu, mun turara abin turarawa.
Ƙwayar asibiti ta kwantar da shi kamar gungume,
miyau a gemu, ido a buɗe ba kowa ciki.
Na ce gara mai faɗan.
Da dare ya yi na janye maganata.

Sai ga Mutari daga Turai da kwalba kamar ɗan yatsa.
"Man ganye ne, Yaya."
Na ce wane ganye?
Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmi.

Ganyen nan dai.
Wanda Baba ya ƙona buhu-buhu a Matamaye,
ya dawo kakinsa na wari, Inna ta wanke sau uku.
Ganyen da ya sa ya kori Mutari daga gida wata biyu
don ya sansano shi a rigarsa.

Likita Barira ta juya kwalbar, ta karanta, ta daɗe.
Ta ce: "Ba ni na rubuta ba, kuma ba zan yi miki alkawari ba.
Masana ba su gama magana a kai ba.
Abin da ya tafi ba ya dawo da shi.
Wani yakan natsu, wani jiri ya kayar da shi.
In kin ba shi, ki faɗa mini. Ki sayi kaye, ki riƙa rubutawa."

Wa zan tambaya izini?
Mutumin da zai ce a'a, da tsawa, da buga tebur,
ya fita tuntuni bai bar sallahu ba.
Wanda ya rage yana neman uwarsa a ƙarƙashin gado.

Na yi bisimilla, na ɗaga harshensa.
Ɗaya. Biyu. Uku.

Litinin, ba canji.
Talata, ya zagi ɗan garuwa.
Alhamis, aka kira magariba yana zaune,
alkaki a hannu, zuma na bin gwiwar hannunsa,
yana kallon tantabaru suna komawa.
Na ɓoye a madafa don kar motsina ya tashe shi.
Kwana na sha ɗaya ya yage gidan sauro.
Wannan ma na rubuta.

Barci nake yi yanzu, wani lokacin har asuba,
shi ya sa nake tuhumar kaina:
wa ake yi wa magani a gidan nan?

Jiya ya riƙe hannuna kafin in ɗiga.
Ya karɓi kwalbar, ya kai hanci,
goshinsa ya tattare kamar dā.
"Wannan kayan na wane ne?"
Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."
Ya dube ni, ya dube ni,
irin duban da yake yi wa direba mai yara a gida.
Sai ya miƙo mini, ya kaɗa hannu.

"Wuce," in ji shi. "Kar in sake ganinki."

Ya buɗe baki.